Yadda Na Hana a Kai Jikata Asibiti

Shekarun baya, lokacin ƙafafuna suna kai ni kasuwar Minjibir ba sanda, ni ne likitan gidanmu. Ba wanda ya naɗa ni. Aji huɗu na yi a firamare, na kuma yi shekara biyu ina share ɗakin shan magani. To ku faɗa mini, wa ya kama ƙafata a ƙauyen nan? Har tabarau nake ƙwamawa in zan duba mara lafiya, alhali idona garau.

Wata kaka muna cirar gyaɗa, jikata 'yar shekara biyar ta kwanta da zazzaɓi. Maƙogwaro ya hana ta haɗiyar ko da koko. Kwana biyu sai ga ƙananan ƙuraje a wuya da ƙirji, in ka shafa kamar tabarmar kaba. Na ce ta fito da harshe. Ja wur, duk tsiro-tsiro. Ban taɓa ganin irinsa ba, amma babban likita ai ba ya cewa bai sani ba.

"Ƙyanda ce," na ce. "A rufe ta a ɗaki. Kada ruwa ya taɓa ta, kada allura ta kusance ta, in ba haka ba ƙurajen ciki za su koma."

Ɗana, uban yarinyar, yana Dawanau wajen lodin hatsi. Matarsa kuwa, kun san suruka, ba ta musu da uban miji. Sai ta bi ta wajen tsohuwata, wato uwargidana. Tsohuwar ta dire mini tuwo ta ce, "Malam, uwarta ta ce an yi wa yarinyar nan rigakafin ƙyanda, katin ma yana nan. Kuma ba tari, ba jan ido."

"Ita ta yi aikin asibiti ko ni?"

"Kai ka yi. Da tsintsiya."

Na yi kamar tuwon ne ya cika mini kunne.

Bayan mako zazzaɓin ya sauka, fatar yatsunta ta fara saɓa. Na bi gida ina cewa kun gani? Sai da aka ƙara mako biyu, wata safiya yarinya ta tashi fuska a kumbure, ido kamar ba zai buɗu ba, fitsarinta launin shayi.

Surukar nan shekararta bakwai a gidana, daga gaisuwa ba ta taɓa ƙara mini kalma ba. Ran nan ta fito da yarinya a goye, ta tsaya a gabana ta ce, "Baba, zan kai ta." Ba tambayata take ba. Na zura takalmi na bi su a babur.

Likitar ta ji labari tun daga farko, ta ce ba ƙyanda ba ce. Wani zazzaɓi ne mai ƙuraje da ke farawa daga ciwon maƙogwaro, da an ba ta maganin kwana goma, da ya kashe shi. Da aka bar shi, ga shi ya taɓa ƙoda. Sannan ta ɗago ta ce, "Wa ya hana a kawo ta?"

Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage. Sai surukata ta ce, "Mu ne ba mu gane ba, likita."

Mu! Ni da na kafa doka, ita da ta nuna kati.

An kwantar da yarinyar, Allah ya sa ƙodar ta warware. Yanzu ta girma, ita ce ma take rubuta muku wannan a waya tana yi mini dariya.

Ku dai in yaro ya haɗa zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da ƙuraje, ku wuce ta gaban tsoho irina ku kai yaron asibiti, kwa ba ni haƙuri in kun dawo. Surukata kuwa har yau ba ta taɓa tada maganar ba. Da ta zage ni da na huta. Kullum da safe tana zuwa ta durƙusa ta gaishe ni, ni kuma in amsa ina kallon ƙasa.