Takardar da Ta Ce Lafiyarta Ƙalau

Tun tana goye ake kiranta Ta-Asibiti. Yau kunne na ruwa, gobe ƙirji ya cushe, ta warke wata guda ta koma. A haka ta girma, ta zama tela a shagon yayanta, kuma duk layin babu mai kafa wuyan riga kamarta.

Tana shekara talatin da biyu yatsunta suka fara kumbura. Kullum da safe sai ta jiƙa su a ruwan ɗumi kusan awa guda kafin su yarda su riƙe almakashi. Yaya, mutumin da ko mura ta kama shi sai unguwa ta sani, ya daure ya kai ta gwajin jini sau ɗaya tak. Takarda ta fito fes. Ya kafe ta da fil a bango, daidai saman kekenta.

"Karanta da kanki, Hajiyar raki! Babu komai. Taka keke, mai riga na jira."

Shekara uku tana takawa, takardar na kallonta. In allura ta suɓuce mata, bango kawai Yaya yake nunawa da haɓa.

'Yarsa ce, da ta gama jami'a, ta ja gwaggon tata wurin likitan gaɓoɓi. Likita ta juya hannuwan, ta tambayi tarihin ciwon kunne da na ƙirji, ta sa aka sake ɗibar jini.

"Amosanin gaɓoɓi ne," in ji ta. "Wancan gwajin, wata garkuwa yake nema a jini. Ke kuwa jikinki ba ya yin garkuwa sosai, gado ne. Ko gaɓoɓin sun cinye, takarda fes za ta fito. Magani zai tsayar da shi, amma yatsun da suka karkace ba za su miƙe ba."

Da suka koma shago, Yaya ya gyara hula.

"Ai ni dama na ce a sake gwaji."

Ta kai hannu bango. Yatsun suka kasa kama kan fil ɗin.

"Cire min, Yaya, fil ɗin nawa ne. Takardar kuwa riƙe abarka. Tunda ita ce mai lafiya, sai ta kafa maka wuyan riga."