Mazagin Wandon Yayana

Shekarun baya ne sosai, zamanin da Gwaram take cikin Jihar Kano, ni kuma ina saye da sayar da hatsi, ina jin babu abin da ban sani ba a gidanmu.

Yayana tsohon soja ne. Ya dawo daga yaƙin basasa yana jan ƙafar hagu, da tabo a bayan wuya inda ɓarɓashin bam ya shige shi. Saboda ƙafar ake ba shi ɗan fansho, wanda ko kuɗin 'yan ƙodago ba ya isa. Shi kuma noma ya gagare shi, har an fara maganar ya jinginar da gonarsa ta hanyar Dingaya, wadda mahaifinmu ya bar masa.

A ƙauyenmu an gama yanke masa hukunci, shi da matarsa, wai girman kai ne da su. Ba ya ba kowa hannu, sai dai ya ɗan ɗaga kafaɗa, hannuwa na cikin babbar riga ko ana zafi kamar me. Ba ya cin tuwo a zaure da maza. Ita kuwa ba biki ba suna. Da mahaifinta ya rasu a Basirka, da safe ta tafi, kafin magariba ta dawo. Mata suka yi ta salati, wai soja ya mayar da ita kurtu.

Sai wani abokinsa da suka yi soja tare ya kawo labari cewa likitocin soja suna sake duba waɗanda suka ji rauni a Kano. Wanda aka tabbatar ba ya iya kula da kansa sai da taimakon wani, za a yi masa ƙari a kan fanshonsa. Yayana ya ce shi lafiyarsa lau, a bar wa masu bukata.

Washegari matarsa ta tare ni a bakin rumbu, abin da ba ta taɓa yi ba. Kanta a ƙasa ta ce, "Auta, ka kai shi. Na shawo kansa. Amma don Allah abin da idonka ya gani shi za ka faɗa wa likita, ba abin da ya ce ba."

Na ce to, ban gane komai ba. Ni abin da ya dame ni shi ne za a ji Turancina na firamaren Birnin Kudu, don ni ne tafinta. Har sabuwar hula na saya.

Muka shiga babbar mota zuwa Birnin Kudu, daga nan sai Kano. Ko ruwa yayana bai sha ba a hanya. Na yi masa tayin ƙosai, ya ce ya ƙoshi.

Likitan ba ya jin Hausa. Ya sa yayana ya tuɓe don a duba ƙugu da ƙafar, wani ma'aikaci ya taimaka masa, ban kawo komai a raina ba. Ya tambaye shi yaya jiki, yayana ya ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi." Ya tambayi ciwon wuyan, ya ce da sauƙi. Mu haka aka koya mana, ko mutum yana gargara ka gaishe shi, da sauƙi zai ce. Ni kuma na riƙa juyawa da Turanci daidai wa daida, har ina gyara hula. Likita ya gyaɗa kai, ya ce babu abin da ya ƙaru, yayana ya sa kayansa a kira na gaba.

Yayana ya ce, "Auta, jira ni a waje."

Na juya zan fita, likita ya ce in tsaya, yana da sauran magana. Sai ya zuba wa yayana ido. Yayana ya sunkuya ya ɗago wandon da bayan hannuwa biyu, ya matse shi da gwiwar hannu a ƙugu. Ya kai yatsu kan mazagi. Yatsun suka ƙi rufuwa. Ya sake gwadawa, wandon ya zame ƙasa.

A nan na fara ganin hannuwan yayana da kyau. Sun bushe, sun lanƙwashe, kamar busasshiyar kuɓewa. Mutumin da muke gida ɗaya, muke sallah sahu ɗaya. Ban san lokacin da na ce innalillahi ba, Turanci ya gudu ya bar ni.

Likita ya ce in tambaye shi wa ke ɗaure masa. Da ƙyar na iya tambayar. Yayana ya dubi bango ya ce, "Mai ɗakina."

Wa ke ba shi abinci a baki? Ita. Wanka, alwala, kama ruwa? Ita. Tun yaushe? Ya ce tun shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira hannuwan suka ƙarasa mutuwa, raunin wuyan ne ya yi ta cin jijiya a hankali. Sai a lokacin na gane abin da ya hana shi shan ruwa a mota. Na gane abin da ya dawo da ita daga Basirka ranar da aka binne mahaifinta.

Ya ce mini a hankali, "Ka ce masa da sauƙi."

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, yau ba zan ce ba." Na faɗa wa likita komai. Na durƙusa na ɗaure masa mazagin, ya kau da kai. Haka muka kamo hanyar Gwaram.

An sa shi cikin masu ƙarin. Gona ta tsira, aka riƙa ɗaukar 'yan ƙodago duk damina. Amma abin da na fi tunawa shi ne bayan girbi, da na ce wa matarsa ta shirya ta je Basirka ta kwana wajen mahaifiyarta, ni zan kula da shi. Ta tsaya tana kallona kamar ba da Hausa na yi maganar ba, sannan ta fashe da kuka.

Da safe na shiga na ɗaure masa wando. Ya dubi ƙullin ya ce, "Kai Auta, ni buhun gero ne? Sassauta mana."

Dukansu biyu sun rasu yanzu, Allah ya jiƙansu. Har yau idan na gaida mara lafiya ya ce mini da sauƙi, nakan amsa da Allah ya ƙara sauƙi, amma sai na dubi hannuwansa, sannan in dubi wadda ke tsaye a bayansa.