Yayen Aminu

Ranar kasuwar garinmu ce. Da hantsi ina bakin murhu ina dama kunu, surukata Hassatu tana ba ɗanta nono. Bafulatana ce, yaron kuma ɗan fari, don haka ko sunansa ba ta faɗa, sai dai "yaron nan". Nakan tsokane ta in ce ko aronsa ta yi.

Da muka ji babura, mun ɗauka ƴan kasuwa ne. Sai harbi, ashe ƴan bindiga ne.

"Ku hito! Kowa shi kwanta!"

Ɗana Bello, mijinta, ya tura mu ta dangar baya, ya koma kwance shanun huɗa. Ban ƙara ganinsa ba. Muka kutsa cikin gero. Hassatu ce ta san daji, ita ta riƙa jana, ga goyo a bayanta. Da la'asar muka isa rugar iyayenta, muka tarar tana hayaƙi. Ƴan sa-kai sun riga mu, sun rama a kan waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Motar itace ta kawo mu Sakkwato.

A unguwar Runjin Sambo muka raɓa cikin wani kango marar ƙyaure. Wankau muke yi, wata rana a ci, wata rana a sha ruwa.

Bana aka yi sulhu. Ƙanin mijina ya zo ya ce za a koma a gina gari, kowa a ba shi gonarsa, amma Bafulatani ba zai taka kasuwa ko bakin rijiya ba. Na ce matar Bello ce, ita ta fid da ni. Ya ce ba shi ya yanke ba. Gonar Bello ta yaron ce, in ba a kai shi ba za a raba ta. Yaye kuwa, in ji shi, ai dama gidan kaka ake kai shi.

Na yi kuka, na yi zagi. Washegari na ga Hassatu ta shafa maɗaci a nononta da hannunta.

Bayan azahar ta raka mu tasha, ta ɗaura mini yaron a baya, ta gyara zanen.

"Inna, Aminu bai son kunu da zahi."

Ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar. Mu huɗu ne a gidanmu ranar kasuwar nan. Biyu muka shiga motar.