Gudrun, Mai Raɗa a Bayan Labule

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna bai yi nisa ba, gugar kayan 'yan wasa kawai nake yi a gidan wasan kwaikwayo na garinmu. Amma abin da na yi ranar Juma'a ya hana ni sakat.

Shekara ashirin ke nan Gudrun Skaarup tana zuwa a keke, da baƙin burodinta a jaka, ta zauna bayan labule tana raɗa wa 'yan wasa maganar da suka manta. 'Yar masunci ce daga Thyborøn, wani gari a bakin teku. Mahaifinta ya ce wasa aikin Shaiɗan ne. Tana da shekara sha bakwai ta hau jirgin ƙasa ta bar gida don yin wasa, har ya mutu bai ga wasanta ba. Kafin ta koma bayan labule ta shekara talatin a dandamali, kullum a matsayin 'yar aiki ko maƙwabciya take fitowa. Ba a taɓa rubuta sunanta da manyan baƙaƙe ba.

Ita ce mai bambance shirun gwaninta da shirun mantuwa in ɗan wasa ya dakata. "Dubi yatsunsa," ta ce min. "In suna motsi, ya ɓata."

Da idonta ya raunana, ni nake karanta mata littafin wasa tana haddacewa. In na yi tuntuɓe sai ta ce, "Sake, yarinya. Kalma ba ta cizo."

Ranar Juma'a aka yi mata sallama da kek da kofi. Aksel, babban ɗan wasanmu, ya ce, "Tsohuwa, yanzu wa zai cece ni?"

"Ka haddace aikinka, malalaci! Amma ga Signe nan."

Ni take nufi. Ta miƙo min fensirinta na aikin raɗa gaban kowa, ta buge ni da gwiwa ta baya, yadda muke yi wa mai fara sabon wasa. Ba a godiya a kan wannan, tana korar sa'a. Ni kuwa na rikice na ce, "Na gode, ba zan iya ba," na ajiye fensirin. Gudrun ta ɗauki kwat ɗinta.

Gudrun, ki yafe min. Godiyar yau ta shekarun da kika ba mu ce. Duk mai sana'a a hannu, ya koyar da haƙuri irin nata.

Ranar Asabar da safe na tarar da fensirin a tebur, cikin ɓurɓushin kek. Na ɗauka, na ƙwanƙwasa ƙofar shugaban gidan wasan, na ce a gwada ni a aikin Gudrun. A hankali na faɗa, amma ya ji.