Shekara Tara, Muryar Yaya Umaru Na Kulle A Faifai

Shekara tara ke nan cif da rasuwar yayana Umaru, a haɗarin mota tsakanin Shagari da Bodinga. Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa. A bana ba yabonsa na zo yi ba, duk da ya cancanci yabo. Laifi na zo faɗi, kuma nawa ne.

Yaya Umaru malamin firamare ne. Bayan an tashi makaranta yakan buɗe ɗan shagonsa a bakin tashar Bodinga, yana buga wa mutane takardu da wata tsohuwar kwamfuta mai gurnani kamar injin niƙa. Ni kuwa manomin albasa ne, injin ban ruwa na sani. Idan bakin tiyo bai shiga ba, sai in ɗumama shi a wuta in danna, in naɗe da robar tayar keke. Shi kuma ya tsani wannan hali nawa. Kullum faɗarsa ke nan: “Sani, ba kome aka dannawa ba. Duba bakin abu kahin ka soka.”

Shi ne ɗan farin Inna, mahaifiyarmu, kuma Inna ’yar Shagari ce ta gidan masu shanu, irin waɗanda kunyar ɗan fari ta zauna musu a jini. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. “Wancan” take cewa, ko “yayanku”. Ba ta zama hira da shi, ba ta kallon idonsa. Amma shi ja’irin mutum ne. Shekara guda kafin rasuwarsa ya je mata da ’yar na’urar ɗaukar murya, wai yana son tarihin danginmu da hanyoyin da kakanninmu suka bi da shanu. Da wannan dabara ya zaunar da ita yini uku. Ina wurin a rana ta ƙarshe. Yana tambaya, tana amsawa tana kallon bango, har ya ce, “To Inna, ɗanki na hwari, mi as sunanai?” Ta jefe shi da mafici, su duka suka fashe da dariya. Hirar da suka taɓa yi ke nan a duniya, ita kaɗai. Ya juye ta a kwamfutarsa, ya goge na’urar ya ci gaba da wani aikin. Wayarsa kuma ta ragargaje tare da shi a mota.

Kwamfutar ta yi shekaru a ɗaki, rufin ya yi yoyo a kanta. Wani abokin Yaya ya duba ya ce madabod ta mutu, wato babban allon nan da komai na ciki ke maƙale a jikinsa. Ya kwance faifan ajiya, wani ƙarfe mai nauyi da bai wuce tafin hannu ba, ya ce mu adana, duk abin da Umaru ya tara yana ciki. Gangar jikin muka ba ’yan gwangwan. Inna ta karɓi faifan, ta naɗe shi a ɗankwali ta sa a ƙasan adakarta.

Bara idonta ya tafi gaba ɗaya. Wata Juma’a na je Shagari gaishe ta, sai ta lalubo ɗankwalin ta miƙo mini. Ta ce, “Hirar nan da munka yi da wancan, ina son in ji ta.” Wallahi ban taɓa jin Inna ta roƙi wani abu da ya shafe shi ba sai ran nan.

Da na kwashe albasa na shiga Sakkwato na sayo kwamfuta, na ce a ba ni ta zamani. Ban tafi da faifan ba, ban ma yi zancensa ba. A tunanina kwamfuta ai kwamfuta ce. Na dawo gida na buɗe cikinta, na tsaya sororo. Faifan Yaya bakinsa faffaɗa ne, haƙora jere biyu kusan arba’in, waya mai faɗi kamar ɗamara ke shiga ciki. Sabuwar madabod kuwa ’yan ƙananan bakuna gare ta, da wani siririn tsagi da ake soka abu kamar tsinken rake. Na juya ta nan, na juya ta can, ko kusa.

A nan ya kamata in tsaya. Ina! Sai manomin ya motsa. Na ce bari dai in ba shi wuta in ji ko yana da rai. Na feƙe waya, na jona shi da batirin sola na gona. Ya yi ƙara sau ɗaya, wani siririn hayaƙi ya fito, ƙauri ya cika ɗakin. Na zauna a ƙasa riƙe da kai.

Washegari na kai wa wani dattijon mai gyara a Sakkwato. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya jawo aljihun teburinsa ya ciro wata ’yar aba mai baki biyu, ɗaya faffaɗa, ɗaya ƙarami. Ya ce, “Adafta ta, mai haɗa tsohon baki da sabo. Da ka zo man da shi jiya da sahe, da kahin azahar tsohuwa ta ji ɗanta.” Ya nuna mini ɗan koren allon da ke manne a cikin faifan, inda ya ƙone baƙi ƙirin. Ya ce mai yiwuwa abin da ke ciki bai taɓu ba, amma sai an samo wani tsohon faifai irinsa sak, kamfani ɗaya, zubi ɗaya, a ciro allonsa a ɗora, shi ma sai an dace. Wata goma sha ɗaya ke nan ina yawo. Na tona tulin ’yan gwangwan, na aika hotonsa Kano da Legas. Uku aka samo, babu wanda ya yi daidai.

Sau da yawa ina tunanin abin da Yaya zai ce da ya ga zamanin nan. Yau abin da bai kai farce ba yana ɗauke ninkin abin da kwamfutarsa ta ɗauka, muryar kowane wawa tana yawo a waya, ana tura ta ana gogewa. Na san zai yi murna, don mai son sabon abu ne. Na kuma san zai yi tsaki idan ya ga yadda ake sauya bakunan nan kowace ’yar shekara, ba a tambayi masu ajiya a adaka ba. Amma ba zan ɗora wa masu ƙera kwamfuta ba. Su sun bar ƙofa, ni na ƙona ta.

Inna ban gaya mata ba. Na mayar mata da faifan cikin ɗankwalinsa, na ce baki ne bai dace ba, ana nema. Duk Juma’a sai ta tambaya, “An samu bakin?” In ce tukuna. Ta ce Allah Shi sa a dace. Jikinta kuwa kullum ƙara ja baya yake, ni na sani, ita ma ta sani.

Me ya rage na Yaya Umaru? Ɗalibansa suna nan, wasu har sun zama malamai. ’Ya’yansa biyu sun girma, babbar ta ɗauko tafiyarsa. Shagon ya koma wurin cajin waya. Ni kuma ya bar mini faɗan nan nasa, wanda sai da na yi ɓarna na ji shi.

Juma’ar da ta wuce na kasa ci gaba da ƙaryar. Na durƙusa gabanta na fara, “Inna, hwaihwan nan, ni na...” Ta ɗaga hannu. Ta ce, “Na sani. Tun rad da ka maido shi nij ji ƙauri ga ɗankwali. Makanta niy yi, hancina lahiya lau.” Ta shafa ƙarfen a cinyarta. Can ta ce, “Abu guda za ka gaya man, kak ka yi man ƙarya. Umaru shina nan ciki?”

Shekarata arba’in da shida, ran nan na fara jin sunan a bakinta. Na ce mai gyara ya ce mai yiwuwa. Ta gyaɗa kai, ta naɗe ɗankwalin, ta ce in tafi kada in rasa motar Bodinga.