Ƙarar da ke Gaban Motar Baba

Ranar wata Asabar ce a tsakiyar daminar shekarar da na shiga aji biyar na firamare. Na gama share tsakar gida, na zuba wa awaki dusa, ina shirin fita mu yi 'yar gala-gala da ƙawayena na layinmu a Bulumkutu, sai Baba ya leƙo daga zaure ya ce in yafa gyale in zo. Tsohuwar jif ɗinsa tana tsaye a ƙarƙashin darbejiya, fentinta ya koɗe, cikinta na warin man dizal da igiyar shanu. Irin motar nan ce mai ja da ƙafa huɗu, da ita yake shiga kasuwannin ƙauye sayen dabbobin da yake kai wa Kasuwar Shanu. Ya buɗe mini gidan gaba, inda ban taɓa zama ba, ya ce, "Yagana, yau aron kunnenki zan yi."

Tun ranar da wani abu ya fashe kusa da shi a kasuwa kunnensa ɗaya ya mutu, ɗayan ma sai an ɗaga murya. Ya ce yana jin motsin wani abu a tafin hannunsa ta sitiyari, amma ya kasa gane daga ina yake. Kuma tafiya ce a gabansa wadda ba ta son wasa. Mahaifiyarsa, Kaka, tana can ƙauyenmu na asali, inda ƙasa baƙar laka ce mai riƙe mota da damina. An daɗe ana lallashinta ta dawo gari tana ƙi, tana cewa ba za ta bar gonarta da kabarin mijinta ba. Da 'yan bindiga suka fara shiga ƙauyukan da ke kusa, sai ta aiko wani mai kawo gawayi ya ce wa Baba ta yarda, ya zo ya ɗauke ta.

Muka hau kwalta, ya taka mai, ya ce in saurara ko akwai gurnani mai ƙaruwa da gudu. Babu. Ya bi da mu ta lungu mai ramuka, ina jin ƙofofi da kujeru suna kaɗawa kamar kullum, amma ba sabon abu. Daga nan ya shiga filin ƙwallon makarantarmu, ya sa ƙaramar giyar nan da ke haɗa tayoyin gaba, ya murɗe sitiyari har ƙarshe, muka fara zagaye a hankali. Nan take na ji ta a ƙarƙashin ƙafafuna, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar ana karya busasshen kara. Da ya miƙe motar sai ta yi shiru, da ya sake murɗewa ta dawo. Na matsa kusa da kunnensa mai ji na faɗa masa. Ya jinjina kai, ya juya motar muka nufi gareji.

Garejin Malam Bukar bakanike fili ne kawai da inuwar bishiyoyi, ƙasar wurin ta yi baƙi da tsohon mai. Malam Bukar ya sa na kwaikwayi ƙarar da bakina, sannan ya ɗaga ƙafar dama ta gaba da jak. Ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, ba ta motsa ba. Ya kama ta gefe da gefe, nan ma daram. Ya juya ta yana saurare, ya ce boris, wato abin da tayar ke juyawa a kansa, lafiya lau. Sai ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi. Da ya fito, yatsunsa duk yashi ne gauraye da baƙin giris. Robar da ke rufe gaɓar shaf, ƙarfen da ke juya tayar, ta yage tuni, yashi ya shiga ya cinye cikin. Ya faɗa da Barbarci, sannan ya maimaita da Hausa da ƙarfi don Baba ya ji: "Alhaji, a kwalta za ta kai ka duk inda kake so. Amma ka sa ta a laka ka ce ta ja da gaba, a nan za ta karye ta bar ku, kai da tsohuwa."

Mai sayar da kayan gyaran irin motar wani Ibo ne, Emeka, wanda ya girma a nan garinmu Yerwa, Hausarsa ta fi tawa. Ya kwashe kayan shagonsa kaf bai samu ba. Ya rufe shagon ya bi Baba wurin masu tsofaffin ƙarafa, nan ma babu, sai ya aika wa ɗan'uwansa a kudu ya sako a babbar mota. A lokacin hanyar shigowa gari cike take da shingen bincike, kaya sukan kwana a hanya. Baba ya nemi hayar wata motar, direbobi suka ce ko me zai ba su ba za su bi hanyar ba. Waya kuwa ba ta shiga ƙauyen.

Muka shiga jira. Mahaifiyata ta sa na share ɗakin da ke kusa da madafa, muka shimfiɗa sabuwar tabarma, muka ɗaura gidan sauro, aka ce ni zan riƙa kwana da Kaka. Ina zuwa makaranta ina dawowa, ina ɗebo ruwa a famfon layi, Baba yana zaune a zaure da carbi, ko kasuwa ya daina zuwa. Da kayan ya iso, Malam Bukar ya ajiye duk aikin da ke gabansa ya ɗaura. Muka koma filin makaranta muka zagaya, dama da hagu. Na ce, "Shiru, Baba." Ya ce to, gobe da asuba zai kama hanya.

Bayan la'asar ɗin ranar aka yi sallama. Modu ne, maƙwabcin Kaka, ƙafafunsa sun kumbura, laka ta bushe a wandonsa har gwiwa. An ƙone ƙauyen, sun fito a ƙafa cikin ruwa. Kaka ta yi tafiya iyakar ƙarfinta, samari suka goya ta suna karɓa-karɓa, daga baya ta ce a sauke ta ta huta a gindin wata bishiya. A nan ta cika. Da fartanya ɗaya da hannuwa suka haƙa mata kabari. Baba ya sa Modu ya maimaita, domin bai ji da kyau ba, Modu ya ɗaga murya ya sake faɗa, duk gidan muna ji.

Ban ga hawayen Baba ba. Ya yi salati, ya ɗauki makulli ya fita, ya yi ta jigilar mutanen ƙauyen daga bakin gari, wasu gidanmu, wasu gidajen dangi. Mata da yara suka cika ɗakin da muka gyara. Bayan haka bai ƙara zuwa kasuwar ƙauye ba. Motar ta zauna a ƙofar gida har tayoyinta suka sace, kaji suka riƙa yin ƙwai a ƙarƙashinta, daga baya masu sayen ƙarfe suka ja ta.

Yanzu gari ya lafa, keke napep ya cika titunan Bulumkutu, in motar maigidana ta samu matsala na'ura ake jona mata ta faɗi abin da ke damunta. Wasu mutanen ƙauyenmu sun koma, sun sake ɗaura rufi, suna noma. Bayan rasuwar Baba ƙannena sun bi hanyar tare da Modu, suka yini suna duba bishiyoyi, amma masu gawayi sun sare da yawa, shi ma ya tsufa. Har yau ba mu san inda Kaka take kwance ba.