Ɗan Maƙwabciya

Ko a gadon mutuwa nake, ba na jin zan manta wata safiyar Laraba a ɗakin shan magani na Fagge, 'yan shekaru kafin samun 'yancin kai. Muna dab da gama karatun likita, za a tura mu ɓangaren yara. Malaminmu, wani dattijon likita mai faɗa, ya ce ba zai ba mu jariri ba sai mun koyi jin ciwon wanda bai iya magana ba. Ya raba mu bibbiyu. Aka haɗa ni da abokina ɗan Sabon Gari, mai kaifin kai da saurin yanke hukunci.

Wata tsohuwa ta shigo da jariri a hannu, surukarta na biye da ita. Yaron ya ɗashe, ko kuka ba ya iyawa. Duk tambayar da muka yi, kakar ce ke amsawa.

"Haƙori ne kawai, ɗan nan. Ku ba mu magani mu tafi."

Uwar kuwa ta zauna a gefenta, ta kau da kai tana kallon bango. Abokina ya fusata, ya raɗa mini, "Wannan ba ta damu da ɗanta ba."

Ni a Fagge aka haife ni, na san kunyar ɗan fari. Tawa uwar har ta rasu ba ta taɓa kiran sunana ba. Wannan yarinya ba za ta buɗe baki a kan ɗanta a gaban uwar mijinta ba, ga shi numfashin yaron sai ƙara sauri yake. Ni kuwa ban san me zan yi masa ba.

Na juya wajen uwar yaron na ce, "Baiwar Allah, bar zancen wannan. Da ɗan maƙwabciyarki ne, me za ki ce ya same shi?"

Can ta ce da bangon, "Ɗan maƙwabciyar, shekaranjiya wanzami ya cire masa beli. Jinin bai tsaya ba, haɗiye shi yake yi. Kashinsa ya yi baƙi, ya daina kama nono."

Kakar ta sunkuyar da kai. Ita ta kira wanzamin, tsoron faɗan likita ya sa ta ɓoye. Abokina ya hau kekensa a guje ya ɗauko malaminmu. Aka tsayar da jinin, yaron ya rayu.

Sai da na sunkuya zan karɓi jaririn na ga abin da har yau ke sa ni ƙwalla. Hannun uwar na ƙarƙashin zanen kakar, tana riƙe da ƙafar ɗanta gam, tun shigowarsu.

Na yi shekaru ina duba yara bayan nan. Abin da ranar ta koya mini shi ne, kafin in ce uwa ba ta damu ba, in fara duba inda hannunta yake.